Don Allah a taimaka, lissafin karon mota da bas ya ƙi fita

Auta: Slm 'yan uwa, don Allah wanda ya gane lissafin karo mai ɓangare biyu ya taimaka min, tun bayan la'asar nake kan tambaya ɗaya kuma gobe ƙarfe takwas za a karɓi aikin. Ga ta nan: mota mai nauyin kilo 1000 ta nufi gabas da gudun mita 12 a sakan ɗaya, bas mai kilo 3000 ta nufi arewa da mita 3 a sakan, suka yi karo a mahaɗar hanya suka manne da juna suka tafi tare. Wai a nemo gudunsu da inda suka nufa bayan karon. Ni dai na yi 1000 sau 12 na samu 12000, na yi 3000 sau 3 na samu 9000, na haɗa ya zama 21000 na raba da 4000 ya ba ni 5.25. Amma amsar da ke bayan takardar 3.75 ce. Wlh na sake yi har sau uku, ko dai kuskuren bugawa ne?

Sarkin Sunuka: Ƙanwata kullum in lissafi ya ƙi fita sai a ɗora wa mai bugawa laifi, bawan Allah yana can yana barcinsa hhh

Auta: Yaya don Allah ba lokacin tsokana ba ne, batirina saura kashi 14 kuma an ɗauke wuta

Malama Fiziks: Auta takardar ce ta yi daidai. Bari in tambaye ki, in kika fito daga ƙofar gidanku kika yi taku 12 gabas, sannan kika juya kika yi taku 9 arewa, taku nawa ne tsakaninki da ƙofar gida in an miƙe sambal?

Auta: 21... a'a tsaya, ai kwana na yi. 144 da 81 ya zama 225, to 15 kenan

Malama Fiziks: Yawwa. To momentom, wato nauyi sau gudu ɗin da kika lissafa, shi ma haka yake, yana da girma kuma yana da inda ya fuskanta, ba kuɗi ba ne da za ki tara naira 12000 da naira 9000 ki ce 21000. Na gabas daban, na arewa daban, ba sa shiga sabgar juna. Ki ja layi tsakiyar takardarki, hagu ki rubuta x dama ki rubuta y. A x mota ce kaɗai take da abu, 12000, bas ba ta da komai don ko taku ɗaya ba ta yi gabas ba. A y bas ce kaɗai, 9000. Bayan karo dole x ya ci gaba da zama 12000, y ya ci gaba da zama 9000, sai dai yanzu kilo 4000 ne ke ɗauke da su. Gudun gabas 12000/4000 = 3, na arewa 9000/4000 = 2.25, ki yi musu Faitagoras ki faɗa mana.

Auta: 9 da 5.0625 ya zama 14.0625, sikwaya rut ɗinsa 3.75!! Allah ya saka da alheri Malama. Amma kusurwar ta ba ni 0.64, na yi tan inbas na 2.25/3, wai ko digiri ɗaya bai kai ba? kenan bas ɗin ba ta karkatar da motar ba sam

Ɗan Maraɗi: 'Yar uwa duba saman kalkuletarki, in kin ga ƙaramin R to a radiyan take. Maida ta D, wato digiri. Ni wannan abun ya taɓa cinye min maki a jarabawa, tambaya uku na yi a radiyan ban sani ba sai da aka maido takardu

Auta: Innalillahi R ne kuwa, ƙawata ce ta ara jiya. Yanzu 36.9

Malama Fiziks: To ki rubuta shi cikakke, digiri 36.9 daga gabas zuwa wajen arewa. In kika rubuta lamba tsirara mai maki zai tambaya daga ina aka auna, don in daga arewa ne 53.1 zai zama.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan 36,9 muke rubutawa da waƙafi, farkon shigata wannan zaure in na ga 3.75 sai in ɗauka 3 sau 75 kuke nufi

Auta: Malama tunda kina nan ga ta biyun don Allah, ita ce ma ta fi ba ni tsoro. Ƙwallo tana gudun mita 4 a sakan ta bugi wata ƙwallo mai nauyi iri ɗaya da take tsaye. Ta farkon ta kauce digiri 30 daga hanyarta, ta biyun ta tafi digiri 45 ta ɗaya ɓangaren. A nemo gudun kowacce. Ba a ba da nauyin ba ma

Sarkin Sunuka: To nan kuma an shigo gonata. Wannan tambayar ba daidai take ba, ki koma ki gaya wa lakcaranku. Duk wanda ya taɓa riƙe sandar sunuka ya san in farar ƙwallo ta goge wata ƙwallo a gefe to digiri 90 suke rabuwa, da wannan muke sanin ko fara za ta faɗa rami ko ba za ta faɗa ba tun kafin mu buga. 30 da 45 kuma 75 ne. Ko dai 30 da 60, ko 45 da 45. Shekarata tara a kan tebur, kuma ba a tebur kawai ba har a littafin fiziks an faɗa

Malama Fiziks: An faɗa, amma da sharaɗi, kai kuma ka riƙe hukuncin ka yar da sharaɗin.

Sarkin Sunuka: Wane sharaɗi Malama, nauyi ɗaya ne, ɗaya a tsaye take, me ya rage

Malama Fiziks: Saura karon ya zama ilastik, wato kada enajin motsi ya ragu ko kaɗan. Tambayar Auta ta ce ilastik ne? Auta duba.

Auta: Ba ta ce ba gsky

Malama Fiziks: To kar ki sa mata abin da ba ta ce ba. Abin da nake fama da ɗalibaina a kai kullum kenan, kafin ki taɓa kalkuleta ki ƙirga abubuwan da ba ki sani ba, ki ƙirga ikweshin da kike da su. Bayan irin wannan karo abu huɗu ne ake iya nema, gudu biyu da kusurwa biyu. Momentom yana ba ki ikweshin biyu, na x da na y. In an ce ilastik ne kin samu na uku daga enaji, shi ya sa a irin waccan tambayar kusurwa ɗaya kawai ake bayarwa. Nan kuwa an ba ki kusurwa biyu duka, saura gudu biyu, ikweshin biyu sun ishe ki, in kika cusa na enaji kin yi wa tambayar ƙarya kuma lissafin zai yi ta cin karo da kansa har asuba. Nauyin kuma da ba a bayar ba, m ce a kowane gefe, ki soke ta. Fara da y don ya fi sauƙi, kafin karo sifili ne a can, to bayan karo ma na sama da na ƙasa dole su kashe juna. Kira gudun ta farko v1, na ta biyu v2: v1 sin30 = v2 sin45. Sai x: v1 cos30 + v2 cos45 = 4.

Auta: To 0.5 v1 = 0.707 v2, kenan v1 = 1.414 v2. Na saka a ta x, 1.225 v2 + 0.707 v2 = 4, v2 = 2.07, v1 = 2.93. Haka ne?

Malama Fiziks: Haka ne. Yanzu don yayanki ya samu natsuwa gwada enajin. Bar rabin m ɗin tunda ko'ina akwai shi. Kafin karo 4 sau 4, 16. Bayan karo fa?

Auta: 8.57 da 4.29, 12.86. Ya ragu, kusan kashi 20 cikin ɗari ya tafi

Sarkin Sunuka: To ai kin ga maganata ta fito, wace ƙwallon sunuka ce za ta zubar da kashi 20 a bugu ɗaya? sai dai in da tuwo aka yi ta

Baba Injiniya: Assalamu alaikum, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Sarki a nan kana da gaskiya rabi. Ƙwallayen sunuka na gaske kaɗan suke zubarwa, shi ya sa idonka ya saba da abin da ya yi kusa da 90. Waɗannan na tambayar in ka lissafa yadda suke maido da bugu, abin da ake rubutawa da e, wajen 0.46 za ka samu, ƙwallon tebur kuwa ta haura 0.9. Sai dai tambayar ba ta ce sunuka ba, cewa ta yi ƙwallo, kai ne ka kai ta tebur. Kuma akwai hanya gajera da za ka ga duka abin a layi ɗaya. Tunda nauyi ɗaya ne, gudun farko da gudu biyun ƙarshe suna yin alwatika, sai dokar kosayin ta ce 16 = v1² + v2² + 2·v1·v2·cos na kusurwar da ke tsakaninsu. In kusurwar 90 ce wancan na ƙarshen ya mutu, v1² + v2² ya zama 16 cif, ba a yi asara ba. In ta gaza 90 wancan ɗin ya ci wani abu daga cikin 16, abin da ya ci shi ne asarar. Gwada da na Auta, 2 sau 2.93 sau 2.07 sau cos75 zai ba ka 3.14, ka haɗa da 12.86.

Ɗan Maraɗi: 16 daidai, kai wannan ya yi kyau Baba. Kenan in tambaya ta ba da 50 da 60 a nauyi ɗaya ita ce ta yi ƙarya

Baba Injiniya: Ita ce za ka kai wa malami ƙara, don 110 na nufin enaji ya ƙaru, sai dai in akwai abin da ya fashe a tsakaninsu ko wani sifirin da ya saki.

Sarkin Sunuka: To na ji, amma ni har yanzu a tebur 90 nake gani, kuma yau da dare zan gwada in ɗauko muku

Mai Shakka: Ni fa tambayar farko ce ba ta kwanta min ba, kuna ta murna an samu 3.75. An koya mana momentom ba ya canzawa ne in babu wani ƙarfi daga waje. To mota a kan kwalta take, taya na gogar ƙasa, direba ya taka birki, wannan ba ƙarfin waje ba ne? a takarda kawai abin nan yake aiki, a titi tatsuniya ce

Malama Fiziks: Karon gajere ne ƙwarai, ƙarfin da motocin ke yi wa juna a wannan ɗan lokacin ya ninka gogayyar taya nesa ba kusa ba, shi ya sa ake kau da kai daga gare ta.

Mai Shakka: Malama da girmanki amma kullum haka ake ce mana, a kau da kai, a kau da kai. Nawa ne abin da ake kau da kan? a sa lamba mu gani

Baba Injiniya: Tambayarka tana kan hanya, bari mu sa. Karon mota yakan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan. A ce duka tayoyin sun ƙulle suna jan ƙasa a busasshiyar kwalta, gogayya wajen 0.7. To 0.7 sau kilo 4000 sau 10 sau 0.1, ya ba ka 2800. Momentom ɗin duka kuma 15000 ne. Ka ga kusan kashi ɗaya cikin biyar, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ɓoye maka ba. Amma lura da abu biyu, na ɗauki mafi munin hali ne, sannan motocin tambayar nan a hankali suke tafiya, bas mai mita 3 a sakan ai ɗan sassarfa ne, mai keke ma zai wuce ta. Ƙara musu gudu, mota 25 bas 10, momentom ya haura 39000, gogayyar kuma tana nan a 2800 ɗinta don ita ba ruwanta da gudu, ta koma wajen kashi 7 cikin ɗari. Wato inda hatsarin ya fi muni nan lissafin ya fi gaskiya.

Mai Shakka: To ai ka ga ba a banza na yi magana ba

Malama Fiziks: Ban ce a banza ka yi ba, kuma na karɓi gyara, kalmar nesa ba kusa ba ta yi yawa a wannan misalin. Amma Auta ke dai gobe 3.75 za ki rubuta, kar ki je ki cire 2800 ki ce Baba ne ya ce

Auta: Hhh wlh har na fara tunanin haka

Baba Injiniya: Kuma Mai Shakka da ka ce tatsuniya ce a titi, masu binciken hatsari da wannan lissafin suke aiki, sai dai su daga ƙarshe suke farowa su dawo baya. Ka san yadda ake yi in an yi karo a mahaɗa, kowane direba ya fito yana rantsuwa shi a hankali yake tafiya, jama'a sun taru kowa da shaidarsa. To kwalta ba ta da ɗan uwa a cikinsu. A ce motocin nan na Auta ne, aka zo aka tarar shatin taya ya nuna bayan karo sun ja mita 3 tare, kuma layin ya karkata digiri 20 ne kawai daga gabas. Daga tsawon shatin kana samun gudunsu bayan karo, sikwaya rut na 2 sau 0.7 sau 10 sau 3, wajen 6.5. Sau kilo 4000, kusan 26000. Yanzu raba shi gida biyu. Na arewa sau sin20, wajen 8900, raba da 3000, bas tana kan mita 3 ɗinta, direbanta bai yi ƙarya ba. Na gabas sau cos20, ya haura 24000, raba da 1000, mota tana mita 24 da ɗoriya a sakan, kusan kilomita 88 a awa. Shi kuma ya rantse 43 yake yi, wato mita 12 ɗin nan. Da 12 yake yi da digiri 37 za su nufa, kuma da mita ɗaya kacal za su ja su tsaya.

Mai Shakka: In kuma ba su manne ba fa, kowacce ta yi nata waje tana juyawa

Baba Injiniya: Sai aiki ya ƙaru, kowacce ka auna nata shatin da tata kusurwar, x ɗin ya zama yana da abu biyu bayan karo y ma haka. Juyawar kuma tana cin nata enajin, shi ya sa ba a dogara da enaji a nan, momentom ake bi. Wahalar gaske ba lissafin ba ne, kafin mai awo ya iso an ture motocin gefe don a buɗe hanya, 'yan kallo sun tattake wurin.

Auta: Baba tambaya ɗaya, na gwada enajin ta farkon ma don in gani. Kafin karo 72000 da 13500, 85500. Bayan karo 28125 kawai. Sama da 57000 ina ya tafi, kuma me ya sa shi ban raba shi x da y ba?

Malama Fiziks: Je ki gareji ki kalli motar da ta yi hatsari za ki ga inda ya tafi, ƙarfen da ya lanƙwashe, gilashin da ya tarwatse, zafi, da ƙarar da unguwa duka ta ji. Shi enaji ba shi da gabas ba shi da arewa, lamba ce kawai, shi ne ake tarawa kamar kuɗi yadda kika so ki yi wa momentom ɗazu. Kin ga kin juya su ne, wanda ake tarawa kai tsaye kika so ki raba, wanda ake rabawa kika tara.

Ɗan Maraɗi: Sarki kafin ka tafi tebur, maganarka ta 90 ɗin nan fa har a nukiliya ta yi aiki. Patrick Blackett a Kambirij ta Ingila, a shekarun 1920, ya yi ta ɗaukar hotunan sawun ƙwayoyin alfa a cikin akwatin hazo, na'urar da ke nuna hanyar da ƙwaya ta bi, shi ne ma aka ba shi kyautar Nobel a 1948. In alfa ta bugi ƙwayar hiliyom sawun yana rabuwa biyu a digiri 90, don nauyinsu ɗaya, alfa ai ita ce cibiyar hiliyom ɗin. In ta bugi haidurojin da ya fi ta sauƙi kusurwar ba ta kai 90, in naitirojin ne da ya fi ta nauyi sai ta wuce. Daga kusurwa kawai ana gane me aka buga. Kuma wani Bafaranshe Coriolis tun 1835 ya rubuta littafi sukutum a kan lissafin wasan tebur irin naku

Sarkin Sunuka: Ka ji ko, ashe mu manyan masana ne ba a sani ba, a gaya wa Hajiyarmu da take cewa zaman banza nake

Admin: Jama'a mai tallan data da ya shigo yanzu na cire shi, a ci gaba

Sarkin Sunuka: To na dawo. Gsky abin ya ɗan ba ni kunya. Na ajiye ja a tsakiya, na sa alli na ɗiga inda take da inda fara za ta tsaya in ta taɓa ta, na buga a hankali sau biyar. Ja tana tafiya inda na zata, amma fara sai ta fara bin layin 90 ɗin kamar tsawon tafin hannu sannan ta lanƙwasa ta yi gaba, in ka duba inda ta ƙare ko kusa da 90 babu. Da na buga da ƙarfi na sa sanda ƙasa da tsakiya kaɗan sai ta bi layin sambal har bango. Wato abin da hannuna ya saba yi kenan ban taɓa lura ba

Malama Fiziks: Ka ga aikin gogayyar da Mai Shakka yake ta faɗa. Bugun hankali fara tana birgima ne ta iso, karon ya canza mata hanya amma bai tsayar da juyawarta ba, sai juyawar ta kama kyallen tebur ta ja ta gaba. Da ka buga ƙasa da tsakiya ta iso tana sulɓi ba juyi, babu abin da zai karkatar da ita. Lissafinmu na daidai lokacin rabuwa ne, wannan tafin hannun na farko da ka gani.

Mai Shakka: A rubuta a ajiye, yau Malama ta ce ina da gaskiya sau biyu

Sarkin Sunuka: Ni kuma mai tebur ya ce in na ƙara zana masa alli a kyalle sai na biya kuɗin sabo, ga shi ina ta gogewa da hular kaina

Auta: Na gama kwafewa da fitilar waya, saura kashi 3. Malama a ta biyun in rubuta cewa ba ilastik ba ne ko in bar shi tunda ba a tambaya ba?

Malama Fiziks: Rubuta, layi ɗaya, 12.86 bai kai 16 ba. Ki je ki kwanta.